Yadda Ake Lissafin Katunan 'Yan Wasa: Misalin Ƙungiyar Pirates

Da yawa daga cikinmu mun taɓa tara wani abu don sha'awa. Wani ya tara kan sarki na ƙasashe dabam-dabam, wani tsofaffin kwabbai, wani kuma hotunan 'yan ƙwallo da ya yanka daga jarida. Duk wanda ya taɓa yin haka ya san akwai ranar da aboki zai tambaye shi, "Guda nawa gare ka?" sai ya yi shiru yana sosa ƙeya, daga baya ya ce, "Suna da yawa." To, "suna da yawa" ba lissafi ba ne. A wannan shafi za mu leƙa ƙasar Amurka mu ga yadda masu tara katunan 'yan wasan besbol suke riƙe ƙidayar abin da suka tara, musamman waɗanda suka tsaya a kan ƙungiya ɗaya tak. Mun zaɓi ƙungiyar Pirates ta birnin Pittsburgh domin tarihin katunanta ya ƙunshi kusan kowace matsala da mai ƙidaya zai iya karo da ita.

Mene ne wannan kati?

Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum tara a fili. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo, ɗaya daga wancan ɓangare yana ƙoƙarin doke ta da kulki, in ya doka sai ya sheƙa a guje ya zagaya matsaya huɗu. Katin da muke magana a kai kuwa ba shi da alaƙa da kartar caca. Ɗan kwali ne mai hoton ɗan wasa a gaba, a baya kuma akwai sunansa, da garin haihuwarsa, da lissafin abin da ya yi a fili shekara bayan shekara, sa'an nan da lambar katin. Tun daga 1957 girmansa ya tsaya a kan faɗin inci biyu da rabi, tsawo inci uku da rabi.

Tun kafin shekarar 1900 kamfanonin taba suke saka irin waɗannan katuna cikin kwalin sigari, domin kwalin ya yi ƙarfi, kuma domin a jawo masu saye. Daga baya kamfanonin alewa da cingam suka karɓi sana'ar. Kamfanin Topps ya fitar da babban saitinsa mai kati 407 a 1952, ya saye abokin gasarsa Bowman a 1956, ya zama kusan shi kaɗai a kasuwa har 1980. A 1981 Fleer da Donruss suka shigo, Score ya biyo a 1988, Upper Deck a 1989. Cingam ɗin ma an daina saka shi cikin ƙunshin Topps na yau da kullum daga 1992. A watan Janairu na 2022 kamfanin Fanatics ya sayi sashen katuna na Topps. Mun kawo waɗannan shekaru ne domin mai ƙidaya ba zai iya aikinsa ba sai ya san wa ya buga kati a wace shekara.

Dalilin tsayawa kan ƙungiya ɗaya

Ba mai iya tara dukan katunan da aka taɓa bugawa. Saboda haka kowa yakan yanka wa kansa gonar da zai iya nomewa. Wani ya zaɓi ɗan wasa ɗaya, wani shekara ɗaya, wani kuma ƙungiyar garinsu. Bari mu yi ɗan lissafi. Daga 1982 zuwa 1992 babban saitin Topps yana da kati 792 kowace shekara, ƙungiyoyi kuma 26 ne a lokacin. In muka raba 792 gida 26, za mu sami 30 da ragowar 12. Wato kowace ƙungiya tana da kati wajen talatin a saitin shekara ɗaya na kamfani ɗaya. Wannan abu ne da ɗan makaranta zai iya bi da kuɗin kashewarsa.

Ƙungiyar Pirates tsohuwa ce. Ta shiga gasar National League a 1887, kuma tun 1891 ake kiranta da wannan suna, wanda ma'anarsa 'yan fashin teku. Ta ci kofin zakarun Amurka sau biyar: 1909, 1925, 1960, 1971 da 1979. Manyan 'yan wasanta sun haɗa da Honus Wagner, Ralph Kiner, Roberto Clemente, Bill Mazeroski, Willie Stargell da Barry Bonds. Mu 'yan Afirka ma muna da ɗan abin tunawa a nan, gama Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, mutum na farko haifaffen babban yankin nahiyarmu da ya buga babbar gasar besbol ta Amurka, cikin rigar Pirates ya fara, ran 26 ga Afrilu, 2017.

Matakin farko: kafa iyaka

Kafin mutum ya ƙirga ko kati ɗaya, dole ya amsa tambaya guda: wane kati ne na Pirates? Tambayar tana kama da mai sauƙi, amma ga misalai huɗu da za su nuna mana akasin haka.

Na farko, katin tarayya. Katin fari na Willie Stargell, wato na farkon da Topps ya buga da hotonsa, shi ne mai lamba 553 a saitin 1963. A jikinsa akwai fuskoki huɗu, kuma Stargell ne kaɗai ɗan Pirates. Sauran ukun 'yan wasu ƙungiyoyi ne. Masoyin Pirates zai ƙirga shi, masoyan sauran ƙungiyoyin uku ma za su ƙirga shi a nasu littafin. Haka nan katunan gwanayen shekara, inda ake haɗa mutum biyu ko uku daga wurare dabam-dabam.

Na biyu, ɗan wasan da ya sauya sheƙa. Barry Bonds ya bar Pirates ya koma ƙungiyar Giants ta San Francisco a ƙarshen 1992. Amma da yake akan shirya katuna tun kafin kakar wasa ta fara, katinsa mai lamba 2 a saitin Topps na 1993 ya fito da shi cikin rigar Pirates. A ƙarshen shekara kuma, cikin ƙaramin saitin da ake bugawa don waɗanda suka sauya ƙungiya, ya sake fitowa a matsayin ɗan Giants. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, kamfani ɗaya, amma kati ɗaya ne kawai na Pirates. Yawancin masu tarawa suna bin sunan ƙungiyar da aka buga a jikin katin, ko da ɗan wasan ya riga ya tashi.

Na uku, kuskuren madaba'a. A 1987 kamfanin Donruss ya buga wani ƙaramin saiti na ranar buɗe kakar wasa. A katin da ke ɗauke da sunan Barry Bonds, mai lamba 163, sai aka saka hoton abokin wasansa Johnny Ray. Da aka gane, aka gyara aka ci gaba da bugawa. Yanzu lamba ɗaya tana da kati iri biyu, kuma mai kuskuren ya fi tsada nesa ba kusa ba domin kaɗan ne suka fita. Shin saitin mutum ya cika in yana da gyararren kawai? Shi zai yanke wa kansa.

Na huɗu, tagwayen kati. Daga 1984 zuwa 1991 Topps ya riƙa buga wani saiti mai sheƙi da ake kira Tiffany, hotuna da lambobi duk ɗaya da na yau da kullum, takardar ce kawai ta fi kyau. A Kanada kuma kamfanin O-Pee-Chee ya daɗe yana buga katuna masu fuska irin ta Topps, bayansu da Ingilishi da Faransanci. Wanda bai juya katin ya duba baya ba, zai ɗauka maimai ne ya bayar kyauta.

Ba wata hukuma da ta kafa doka a kan waɗannan abubuwa. Muhimmin abu shi ne mutum ya rubuta ƙa'idarsa a shafin farko na littafinsa, da kwanan wata, ya kuma bi ta. In yau ya ƙirga katin tarayya, gobe ya ƙi, to jimlarsa ta bara da ta bana ba za su kwatantu ba.

Mataki na biyu: jerin abin da aka buga

Ba a sanin abin da ya rage sai an san abin da ake da shi a duniya. Mutumin da ya fara wannan aiki gadan-gadan shi ne Jefferson Burdick, ma'aikacin wata masana'antar kayan lantarki a garin Syracuse. Daga 1939 ya riƙa fitar da kundin da ya kasa katunan Amurka rukuni-rukuni, har kowane rukuni ya sami harafi da lamba. Harafin T, alal misali, na katunan taba ne na ƙarni na ashirin. Shi ya sa har yau saitin da kamfanin American Tobacco ya buga daga 1909 zuwa 1911, mai kati 524, ake kiransa T206. Burdick ya ba da tarinsa, abubuwa wajen 300,000, ga gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke New York. Duk da ciwon gaɓoɓi da ya addabe shi, da hannunsa ya yi shekaru yana liƙa su cikin manyan littattafai. Ya gama a farkon 1963, ya rasu bayan wata biyu.

Kamfanonin ma sun taimaka. Daga 1956 Topps ya fara saka katin jerin sunaye cikin ƙunshi, mai 'yan akwatuna a gefen kowane suna domin yaro ya yi alama a kan wanda ya samu. Yaran kuwa sun yi ta yin alamar da biro, shi ya sa a yau katin jeri na waɗannan shekaru wanda ba a taɓa rubutu a kansa ba ya fi tsada. A 1973 da 1974 har an buga katin jeri na kowace ƙungiya dabam. Daga baya James Beckett ya fara fitar da littafin farashi a 1979, da mujallar wata-wata a 1984. A zamanin intanet kuma akwai rumbuna irin su Trading Card Database, inda mutum zai zaɓi ƙungiya da shekara, jerin ya fito masa.

A nan akwai wani tarko. Kada mutum ya ɗauki jerin 'yan wasan ƙungiya na shekara ya ce shi ne jerin katuna. Ralph Kiner shi ne tauraron Pirates a 1952, amma ba shi cikin saitin Topps na shekarar. A saitin Bowman yake. Wanda bai san haka ba zai yi ta neman katin da ba a taɓa bugawa ba.

Mataki na uku: littafin lissafi

Ko a littafin rubutu mai layi, ko a kwamfuta cikin manhaja irin Excel, tsarin ɗaya ne. Kowane irin kati yana da layi ɗaya, layin kuma an raba shi gida-gida: shekara, kamfani, sunan saiti, lambar kati, sunan ɗan wasa, nau'i (na asali ne, ko tagwaye, ko mai kuskure), lafiyar katin, guda nawa ake da shi, inda aka ajiye shi, ranar da aka same shi da abin da aka biya.

Abin da ke bambanta layi da layi shi ne shekara da saiti da lamba. Suna kaɗai ba ya isa, kuma Roberto Clemente ne babban misalinmu. A katunansa na Topps na 1955 da 1956 an rubuta sunansa na yanka, Roberto. Daga 1957 zuwa 1969 sai kamfanin ya riƙa buga "Bob Clemente", sunan da 'yan jarida suka liƙa masa, wanda shi kuwa ba ya so, domin mutumin Puerto Rico ne mai alfahari da asalinsa da harshensa. Sai a 1970 aka koma ga Roberto. Mai jera katuna bisa sunan farko zai raba mutum ɗaya gida biyu, ya sa wasu a harafin B wasu a harafin R, daga baya ya zaci ba shi da katin 1965 ya je ya sake saye da tsada. Wanda ya bi shekara kuwa zai ga layi 19 a jere, daga 1955 zuwa 1973, ba giɓi.

Katin ƙarshe a wannan jeri, mai lamba 50 na 1973, yana da labari. Ran 30 ga Satumba, 1972, Clemente ya yi bugu mai nasara na 3,000 a rayuwarsa ta wasa, wato bugun da ke kai mai kulki matsaya lafiya. Ran 23 ga Disamba girgizar ƙasa ta rushe birnin Managua na Nikaraguwa. Clemente ya tara kayan agaji, ya shiga jirgin sama domin ya raka su da kansa, jirgin ya faɗa teku kusa da Puerto Rico a daren 31 ga Disamba. Katin ya fito bayan rasuwarsa, jimlar da ke bayansa kuwa 3,000 ce cif. Da a ce masu riƙe lissafin wasa sun yi sakaci da bugu ɗaya cikin shekaru goma sha takwas, da wannan adadi bai tsaya masa ba.

Adadi uku, ba ɗaya ba

In aka tambayi mai tarawa nawa gare shi, amsa uku ce ta dace. Akwai jimlar duka katunan da ke hannu. Akwai jimlar iri, wato in an cire maimai. Akwai kuma abin da ya rage a nema. Bari mu ƙaga misali domin mu ga yadda suke aiki tare.

A ce wani ya kafa iyakarsa, ya duba jeri ya ga katunan da suka shiga iyakar iri 1,500 ne. A farkon wata yana da kati 1,260 a akwati. Cikinsu 900 iri dabam-dabam ne, 360 maimai ne. Ashe abin da ya samu kashi 60 cikin ɗari ne na abin da yake nema, saura iri 600. In ya riƙa gaya wa mutane 1,260, zai ruɗi kansa ya zaci ya kusa gamawa.

Cikin watan sai ya sayi kati 85. Da ya zauna ya tace, 30 sababbin iri ne, 55 yana da irinsu. Ya kuma aika wa abokan musaya 40 daga cikin maimai. Jimlar duka ta zama 1,260 a tara da 85 a ɗebe 40, wato 1,305. Jimlar iri ta zama 930. Maimai kuwa 360 a tara da 55 a ɗebe 40, wato 375. In ya haɗa 930 da 375 dole ya sami 1,305. Ya samu, lissafi ya daidaita. Yanzu ya kai kashi 62 cikin ɗari, saura iri 570. 'Yan ajin lissafin kasuwanci za su gane wannan nan da nan, gama haka ma'ajin sito yake yi da buhunan hatsi: abin da aka kwana da shi, da abin da ya shigo, ban da abin da ya fita.

Littafi kaɗai ba ya isa, sai an gwada shi da abin da ke cikin akwati, aƙalla sau ɗaya a shekara. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan sana'a ƙimar ido tana yaudara, domin tsofaffin katuna da sababbi ba kaurinsu ɗaya ba. Abin da ke sauƙaƙa ƙidaya shi ne shafin leda mai aljihu tara, uku-uku a jere. Kati 930 za su cika shafi 103 da ragowar aljihu uku. Wasu kuma sukan bar aljihun katin da ba su samu ba fanko, da 'yar takarda mai lambarsa, yadda da buɗe littafi za a ga giɓi. In littafi ya ce 1,305 amma hannu ya ƙirga 1,298, to bakwai sun ɓata ko an manta an rubuta fitarsu, sai a bi sawu tun abin yana sabo a ƙwaƙwalwa. Maimai kuma a ware su a kwali dabam, domin su ne kuɗin musaya: masoyin Pirates ya aika wa masoyin wata ƙungiya abin da ba ya bukata, shi ma a aiko masa.

Me ya sa wasu giɓi suke da wuyar cikewa?

Littafi mai kyau yana nuna wa mai shi inda wahala take. Har zuwa 1973 Topps yana fitar da saitinsa kashi-kashi cikin shekara. Kashin ƙarshe yakan fito lokacin da kakar wasa ta kusa ƙarewa, hankalin yara ya koma wani wasa, masu shaguna ba sa saye da yawa. Saboda haka katuna masu manyan lambobi sun fi ƙaranci. A saitin 1952, daga lamba 311 zuwa 407 su ne masu wuya. Sy Berger, wanda ya tsara saitin, ya ba da labarin cewa bayan shekaru an loda ragowar da ba a sayar ba a jirgin ruwa aka zubar a teku domin a sami wuri a sito. Katin Dick Groat na Pirates, mai lamba 369, yana cikin wannan kashi. Haka ma na Mickey Mantle na ƙungiyar Yankees, mai lamba 311, wanda aka yi gwanjon wani mai cikakkiyar lafiya a kan dala miliyan 12.6 a watan Agusta na 2022.

Babban giɓin da ke littafin kusan kowane masoyin Pirates shi ne Honus Wagner na T206. An dakatar da buga shi tun da wuri. Bayani biyu ake bayarwa: wasu sun ce Wagner ba ya son yara su sayi taba don neman hotonsa, wasu sun ce kan biyan kuɗi aka saɓa. Waɗanda aka san suna nan ba su wuce 'yan gomomi ba. An sayar da ɗaya kan dala miliyan 6.6 a 2021, wani kan dala miliyan 7.25 a 2022. Mai hankali yakan rubuta layin a littafinsa, ya bar gidan "guda nawa" da sifiri, ya ci gaba da harkarsa.

A ɗaya gefen kuma akwai yawan da ba shi da daraja. Daga wajen 1987 zuwa 1994 mutane da yawa a Amurka suka ɗauki katuna tamkar hannun jari, kamfanoni kuwa suka yi ta bugawa ba kama hannun yaro. Da 'yan wasa suka shiga yajin aiki a watan Agusta na 1994, har aka soke gasar zakaru ta shekarar, kasuwa ta faɗi. Yawancin katunan waɗannan shekaru yanzu araha ne ƙwarai, ko da sun cika ɗaki. Domin jawo masu saye, kamfanoni suka koma buga tagwaye masu launi-launi, wasu da lamba a jiki mai nuna guda nawa aka buga, har da waɗanda ɗaya ne tak a duniya. Misali shi ne katin Paul Skenes, matashin mai jefa ƙwallo na Pirates, wanda aka liƙa wa ƙyallen da ke jikin rigarsa a wasansa na farko a 2024. Ƙungiyar da kanta ta yi tayin kujerun kallo na shekara 30 ga duk wanda ya same shi. Wani yaro ɗan shekara 11 ya same shi, iyalinsa suka zaɓi gwanjo, aka sayar kan dala miliyan 1.11 a watan Maris na 2025. Tunda kati ɗaya ne tak, mutum ɗaya ne kawai a duniya zai iya cike wannan layi. Shi ya sa kafa iyaka ya fi muhimmanci yanzu fiye da dā.

Lafiyar kati da gaskiyar mai rubutu

Gidan "lafiyar kati" shi ne inda ake gwada amanar mutum. Ana duba kusurwoyi huɗu, da gefuna, da fuskar katin, da ko hoton ya zauna a tsakiya. Kamfanin PSA, wanda aka kafa a 1991, yana ba da maki daga 1 zuwa 10, ya rufe katin cikin roba mai tauri. Bambancin maki ɗaya yana iya ninka farashi sau da yawa, kuma inda kuɗi ya yi yawa, algus ba ya nisa. Katin farko da PSA ya auna wani Wagner ne da Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya kan dala 451,000 a 1991, aka ba shi maki 8. A 2013 wani babban dillali, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefunan katin tun dā domin ya yi kyau. Daga baya aka ɗaure shi kan zamba a harkar gwanjo.

Kamfanonin awo suna wallafa adadin kowane kati da suka auna, amma wannan adadi ma yana da rauni. Wanda bai gamsu da makinsa ba yakan fasa robar ya sake aika katin, sai a ƙirga kati ɗaya sau biyu. Ga mai tarawa a gida darasin a fili yake: in kusurwa ta lanƙwashe, a rubuta ta lanƙwashe. Wanda ya ƙara wa katinsa maki a littafi, ranar musaya zai ji kunya, abokin hulɗa kuma ba zai dawo ba. A kuma kiyaye katuna daga danshi, da hasken rana, da ɗaurin roba mai cin gefe.

Amfanin duk wannan wahala

Wani zai ce, duk wannan a kan ɗan kwali? Amfanin farko shi ne tsare aljihu, kada a sayi abu sau biyu. Na biyu, in gobara ko ɓarawo ya ziyarci gida, kamfanin inshora ba ya biyan "suna da yawa", sai an nuna masa jeri, da hotuna, da rasit. Don haka ake ajiye kwafin littafin a wani wuri dabam da inda katunan suke. Na uku shi ne magada. A Amurka labarin uwar da ta share ɗaki ta zubar da akwatin katunan ɗanta ya zama ruwan dare. A 2010 kuwa wata ƙungiyar mata masu zaman zuhudu a birnin Baltimore ta gāji kayan wani dattijo, ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu. A akwatin ajiyarsa na banki aka tarar da katin Wagner, ya tsufa, ya lanƙwashe, an ma yanke gefensa, amma mai shi ya bar 'yar takarda tare da shi mai bayanin darajarsa. Aka sayar, suka sami fiye da dala 200,000 don ayyukansu. Wanda bai san katin ba, in ya gan shi a wannan hali, kwandon shara zai jefa shi.

Mu a nan wataƙila ba za mu taɓa riƙe katin besbol a hannu ba. Amma a cikinmu akwai mai kula da ɗakin karatu, da mai riƙe kayan wasanni, da ma'ajin ƙungiyar ɗalibai, gobe kuma za a sami akawu, da mai kula da siton asibiti, da mai raba gādo. Dukansu matakai ɗaya za su bi: a faɗi abin da ake ƙirgawa, a nemi cikakken jeri, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a ranar da abin ya faru, a gwada littafi da abin da ke hannu, kuma a rubuta lahani yadda yake. Wanda yake da kan sarki a tsohon ambulan, ko littattafai a akwati, ya samo littafin rubutu a wannan hutu, ya ja layuka, ya fara da shafin ƙa'ida. In muka dawo zango mai zuwa aka tambaye shi guda nawa gare shi, sai ya buɗe littafi ya karanta adadinsa uku.